Sanco ya san ubangidansa ba shi da cikakken hankali, me ya hana shi komawa gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Argungu. Na karanta taƙaitaccen labarin Don Kihote da Sanco Panza, na sha dariya, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. An ce mana labarin abota ne, Hausawa kuwa sun ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. Wannan mahaukaci, wancan makwaɗaici. Wannan ubangida, wancan bara. Ina abotar take? Ni a ganina kwaɗayin sarautar da aka yi masa alkawari ne kawai ya riƙe Sanco.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kwaɗayin da ka hango yana nan, ba ƙage ka yi wa Sanco ba, shi da kansa ya sha faɗa da bakinsa. Sai dai taƙaitaccen bugu ka karanta, kuma masu taƙaita wannan littafi halinsu ɗaya: su tsince faɗe-faɗe daga kan doki da shan duka su jera, su zubar da hirar da mutanen biyu ke yi a kan hanya. Abotar kuwa a cikin hirar take zaune. Cikakken littafin kashi biyu ne. Marubucinsa Migel de Sarbantes ya fitar da na farko a 1605 da babi 52, na biyu a 1615 da babi 74, ya rasu a 1616. Tsohon soja ne, hannunsa na hagu ya shanye a yaƙin Lefanto a 1571, ya kuma yi shekara biyar a tsare a Aljiyas daga 1575 zuwa 1580. Ya san yunwa, ya san zama da mutanen da ba shi ya zaɓe su ba.

Ka fara lura da wani abu da taƙaitattun bugu ke tsallakewa. Fitar farko Don Kihote shi kaɗai ya yi ta. Dattijo ne mai kusan shekara hamsin a wani ƙauye na La Manca a Sifaniya, ya sayar da gonaki ya sayi littattafan jarumai, ya karanta har kansa ya juye, ya goge tsohon sulken kakanninsa, ya hau ramammen dokinsa Rosinante ya fita gyaran duniya. Babi shida na farko babu Sanco. Mutumin yana tafe yana surutu shi kaɗai, aka lakaɗa masa duka, maƙwabci ya ɗauko shi a kan jaki ya kawo gida. Da a haka labarin ya ci gaba, da babi goma sun ishe shi, don mahaukaci shi kaɗai abin kallo ne na ɗan lokaci. A babi na 7 aka shigo da Sanco, manomi talaka, maƙwabcinsa, mai mata da 'ya'ya, wanda bai iya karatu ba. Sunansa Panza ma tumbi yake nufi. Daga ranar da ya hau jakinsa ya bi bayan Rosinante a matsayin bara kuma zagi, sai littafin ya sami baki biyu.

Bambancinsu kowa ya gan shi. Wannan dogo siriri, wancan gajere mai teɓa. Wannan ya kwana yana tunanin Dulsiniya, gimbiyar da ya ƙirƙira a ransa a matsayin masoyiyarsa, wancan ya kwana yana minshari. Sun hango injinan niƙa masu aiki da iska wajen talatin ko arba'in, ubangida ya ce ƙatti ne, bara ya ce injina ne. Garken tumaki biyu sun tayar da ƙura, ubangida ya ce runduna biyu ce za ta gwabza, bara ya ce shi dai kukan tumaki yake ji. Wanzami ya kifa tasarsa ta tagulla a ka saboda ruwan sama, ubangida ya ce kwalkwalin zinariya ne na wani jarumi. Nan ɗalibai ke tsayawa su rubuta cewa ɗaya mai mafarki ne, ɗaya mai ido buɗe. Ni ba na ba wannan amsa cikakken maki.

Dalili kuwa shi ne, mai ido buɗen nan me ya fito da shi daga gida? An ce masa za a ci tsibiri da yaƙi a naɗa shi gwamna. Mutumin da ke zaune a tsakiyar tudu, nesa da teku, ya bar gonarsa da iyalinsa cikin dare ba sallama saboda tsibiri. Ka gaya mini, tsakanin wanda ya ga ƙato a jikin injin niƙa da wanda ya ga kansa a karagar mulki saboda alkawarin maƙwabcin da ko abincin kirki ba ya samu, wa ya fi wani? Kowannensu na da abin da ya gaskata wanda ido bai gani ba. Wannan wuri ɗaya ke nan da halinsu ya zo ɗaya. Na biyun ya fi shi nauyi: dukkansu ba su da mugunta. A kashi na biyu, babi na 13, Sanco na hira da wani bara ɗan'uwansa cikin dare, aka zagi ubangidansa, sai ya ce mutumin nan bai iya cutar kowa ba, ƙaramin yaro ma zai iya sa shi ya yarda dare ne da rana tsaka, kuma saboda wannan farar zuciya yake ƙaunarsa har ya kasa rabuwa da shi. Ka ga karin maganar da ka kawo ba ta faɗi ƙasa ba. Mu ne muke neman daidaiton hali a wurin cin abinci da salon magana, alhali can ƙasa yake.

Yanzu mu gwada zarginka na kwaɗayi da abin da ya faru. Hanyar gane makwaɗaici ita ce a ba shi abin da yake nema a ga ko zai waiwayo. A kashi na biyu wani basarake da matarsa, waɗanda suka karanta kashi na farko suka san mutanen biyu, sun sauke su a gidansu don su mayar da su abin wasa. Uwargidan ta keɓe Sanco a babi na 33, ya gaya mata ƙarara cewa shi ya san ubangidansa mahaukaci ne. Ta ce to wanda ya san haka kuma yake binsa ai ya fi shi hauka. Sanco bai musa ba. Ya ce da yana da wayo da tuni ya bar shi, amma garinsu ɗaya, ya ci abincinsa, yana sonsa, kuma ba abin da zai raba su sai ranar da aka ɗauko shebur da diga. Ya ƙara da cewa in ma an fasa ba shi sarautar, to a fasa. Bahaushe bai buƙatar a yi masa sharhin wannan magana. Wanda kuka ci kwano ɗaya da shi yana da hakki a kanka, ko da duniya ta taru ta ce ba shi da kai.

Suka ba shi sarautar, ta wasa. Tsibirin da suka kira Baratariya ƙauye ne a kan tudu mai mutum wajen dubu, ba ruwan da ya kewaye shi. Kafin ya tafi, Don Kihote ya ja shi ɗaki ya yi masa nasiha, babi na 42 da 43, kuma ina roƙonka ka nemi waɗannan babi biyu ka karanta a nutse. Ya ce ya ji tsoron Allah, ya san kansa, kada ya ji kunyar cewa shi ɗan manoma ne. Hawayen talaka su sa shi tausayi, amma kada su sa ya tauye wa mai kuɗi gaskiyarsa. In sandar shari'a za ta tanƙwara, to rahama ta tanƙwara ta, ba toshiyar baki ba. Sannan ya sauko har kan yanke farce da rage ci da barin gyatsa a gaban mutane. Babu hauka ko ƙwaya ɗaya a cikin maganar nan. Uba ne ke sallamar ɗansa.

Masu shirya wasan sun zaci za su ga wauta, sai suka ga alƙali. Tsofaffi biyu suka zo, ɗaya ya ce ya ranta wa ɗayan kuɗin zinariya goma bai biya ba. Wanda ake ƙara ya ce zai rantse, ya miƙa wa mai ƙara sandarsa ya riƙe masa, ya rantse cewa ya damƙa masa kuɗinsa hannu da hannu, ya karɓi sandarsa ya kama hanya. Sanco ya yi shiru, ya sa aka dawo da shi, ya sa aka fasa sandar, sai ga kuɗin goma a ciki. Mutumin da bai san baƙi ba ya gano abin da ya wuce kowa a zauren. Amma likitan fada ya hana shi cin duk abin da aka ajiye masa, aka hana shi barci, aka shirya masa harin ƙarya aka tattake shi. Cikin 'yan kwanaki ya tashi ya shiga wurin jakinsa ya rungume shi yana hawaye, ya ɗaura masa shimfiɗa, ya ce ya shigo ba ko sisi, zai fita ba ko sisi. Abin da ya karɓa guzuri rabin burodi ne da rabin cuku da ɗan hatsin jaki. Kuma ba gida ya nufa ba, wurin ubangidansa ya koma.

A kan hanyar komawar ma an sake gwada shi. Ya haɗu da Rikote, tsohon maƙwabcinsa mai kanti, ɗaya daga zuriyar Musulmin Andalus waɗanda aka tilasta wa shiga Kiristanci sannan aka kore su daga Sifaniya tsakanin 1609 da 1614. Rikote ya dawo a ɓoye don ya tono dukiyar da ya binne, ya ce zai ba Sanco kuɗin zinariya ɗari biyu in ya taimaka masa. Sanco ya ƙi kuɗin, ya ce kuma ba zai tona masa asiri ba, suka rungumi juna suka rabu. Tun da na taɓo nan, in gaya maka: Sarbantes ya yi kamar wani Balarabe masanin tarihi ne ya rubuta labarin shi kuwa ya tsinci takardun a kasuwar Toledo, kuma akwai wuraren da ya yi wa Musulmi maganar da ba za ta yi maka daɗi ba, irin ta zamaninsa da ƙasarsa. Ka karanta da saninka. Amma babin Rikote, mai kukan ƙasar da aka haife shi aka kore shi, da tausayi aka rubuta shi.

Kada kuma in sa ka zaci zaman nasu zuma ce zalla. Daren da na fi so in karanta wa ɗalibai shi ne na babi na 20 a kashi na farko. Suna cikin daji da duhu, ga ƙarar ruwa, ga wani irin bugu mai ban tsoro, tim, tim, ba ƙaƙƙautawa. Don Kihote ya ce zai je ya tari ko mene ne, in bai dawo cikin kwana uku ba Sanco ya koma gida. Sanco ya fashe da kuka yana roƙo, aka ƙi saurarensa. Sai ya sulale ya dabaibaye ƙafafun Rosinante da igiyar jakinsa, ya ce ai ga shi Allah ma bai yarda a tafi ba. Don ya cinye daren ya kawo tatsuniyar wani makiyayi mai awaki ɗari uku da zai ƙetare kogi a kwalekwalen da ba ya ɗaukar akuya fiye da ɗaya, ya ce lalle ubangida ya riƙa ƙirga su, in lissafi ya ɓace labari ya ƙare. Lissafi ya ɓace, labari ya ƙare. Gari ya waye suka leƙa, ashe guduma shida ce ta injin bugun tufafi da ruwa ke juyawa, irin aikin da ake yi a mabuga. Don Kihote ya sunkuyar da kai don kunya, ya dubi kumatun Sanco sun cika da dariya, shi ma ya dara. Sanco ya samu ƙofa, ya shiga kwaikwayon kirarin da ubangidansa ya yi jiya da dare. Nan wasa ya ɓaci, Don Kihote ya sauke masa sandar mashi sau biyu a kafaɗa, ya kuma kafa doka cewa daga yau a rage magana, bara ya san matsayinsa.

Duba duk abin da ke cikin dare ɗaya: tsoro, ƙauna, yaudara, dariya tare, sannan duka da tuna wa mutum cewa shi na ƙasa ne. Dukan nan ban ga hujjarsa ba, kuma littafin bai nemi a ga hujjarsa ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne amsar tambayarka. Sanco ya sha jifa, an jefa shi sama a cikin bargo a wani masauki saboda ubangidansa ya ƙi biyan kuɗin kwana, ya sha yunwa, duk bai nemi sallama ba. Sai a babi na 25, a cikin duwatsu, ya ce a sa masa albarka ya koma wurin matarsa da 'ya'yansa, don can ko ba komai zai yi magana yadda yake so. A ce ya bi mutum dare da rana ba hira, daidai yake da a binne shi da rai. Don Kihote ya janye dokar. Abin da ya kusa raba su ke nan, hana hira, ba rashin tsibiri ba. Ka tambayi tsohon direban babbar mota da ke bin hanyar Jega zuwa Yawuri game da yaron motar da suka shekara goma tare. Zai ce maka yaron ya cika surutu da ci, ya kore shi ya fi sau biyar. Ka ce to ya sake wani mana, ka ji abin da zai ce.

Shi ma Sanco yana da nasa laifin, babba kuwa. An aike shi da wasiƙa wurin Dulsiniya bai kai ba, ya dawo ya shirya ƙarya. Da aka matsa masa a kashi na biyu ya nuna ta, sai ya nuna wasu 'yan matan ƙauye uku a kan jakuna ya ce ga gimbiya nan da kuyanginta. A nan abin ya juye: Sanco ke rantsuwa yana ganin zinariya da lu'ulu'u, Don Kihote na murza ido yana cewa shi 'yan ƙauye kawai yake gani. Ya yarda sihiri aka yi mata, baƙin cikin haka bai sake shi ba har ƙarshen littafi. Ƙaryar ta dawo kan mai ita, don masu wasa da su sun ce sihirin ba zai karye ba sai Sanco ya yi wa kansa bulala 3,300. Ya yi ta ja da baya. Wani dare Don Kihote ya zo zai yi masa da kansa, Sanco ya kayar da shi ya danne masa ƙirji da gwiwa har sai da ya yi alkawarin ba zai sake ba. Bara ya kayar da ubangida, kuma da safe suka ci gaba da tafiya tare. Daga baya aka yi ciniki kan kowace bulala, Sanco ya shiga cikin itatuwa da dare yana zabgar kututture yana ihu. Don Kihote na ƙirgawa, tausayi ya kama shi, ya ce ya dakata, kada ya kashe kansa ya bar iyali, Dulsiniya ta jira. Ya tuɓe mayafinsa ya lulluɓe shi. Ana cutarsa a daidai lokacin, mai karatu na dariya, amma mutumin ya fifita lafiyar baransa a kan abin da ya fi so a duniya.

Zama da maɗaukin kanwa kuwa ya yi aikinsa a kan su biyun. Sanco mutum ne mai jero karin magana kamar ya kwance buhu, ubangidansa ya yi ta faɗa a kan haka, amma can gaba sai ga shi shi ma yana jerowa har Sanco ya kama shi. Sanco ya koyi magana mai tsari har matarsa Teresa ta ce ba ta gane shi. Don Kihote kuwa, wanda da yake ganin kowane masauki fada ce, ya dawo yana kiran masauki masauki, yana biyan kuɗi.

In kana son ka ga bambancin da kyau, ka ajiye su kusa da namu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam da Malam Zurƙe halinsu ɗaya ne a sarari, kowa gwanin dabara, dariyar tana fitowa daga wannan ya cuci wancan, wancan ya rama. Gizo da Kura kuwa sunan abota kawai suke yi, kowa cikinsa yake yi wa aiki. Na Sarbantes ya fi kusa da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko taubasai: bambancin shi ne abin hirar, ana tsokana a kansa kullum, ba kuma wanda ke son ya gushe. Sai dai a nan akwai ubangida da bara, kuma wannan tazara ba ta taɓa rufewa gaba ɗaya ba. Shi ya sa in ka ce mini su abokai ne irin na tsara, zan ce a'a. In ka ce aminai ne, zan yarda, don amini daga amana yake, ba ya buƙatar ku zama sa'o'in juna.

A bakin teku a Barselona wani ɗan garinsu mai digiri, Sanson Karasko, ya ɓad da kama ya kayar da Don Kihote, ya ɗora masa sharaɗin komawa gida shekara guda. Ya koma, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya farka da hankalinsa garau, ya ce shi Alonso Kihano ne, ya tsine wa littattafan jarumai. Ya yi wasiyya cewa kada a tambayi Sanco lissafin kuɗin da ke hannunsa, kuma da yana da masarauta da ya ba shi saboda gaskiyarsa da riƙon amanarsa. Marubucin bai mayar da Sanco waliyyi ba, ya faɗa cewa gadon ya ɗan sanyaya masa zuciya a kwanakin jinyar. Amma ka je babi na 74 ka ga abin da ya faru lokacin da majinyacin ya juya ya nemi gafararsa don ya ja shi cikin hauka. Sanco, wanda ya daɗe yana cewa injin niƙa ne, tumaki ne, tasa ce, shi ne ya tsaya a bakin gado yana kuka yana cewa kada ya mutu, ya tashi su tafi daji kiwo kamar yadda suka shirya, wataƙila su tarar da Dulsiniya a bayan wani kurmi sihirin ya sake ta. Ya ce in kuwa baƙin cikin kayen Barselona ne zai kashe shi, to a ɗora masa laifin, a ce shi ne bai ɗaure wa Rosinante majayi da kyau ba.